Abdulkarim Bajamushe da Dutsen Aljanu: Tarihin Rayuwar Heinrich Barth (1821–1865)

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tarihin nazarin Hausa ya ji sunan Barth, yawanci a jere da na Schön da Robinson da Bargery, watau Turawan da suka fara tattara kalmomin harshen nan suna rubuta su da boko. Abin da ba a cika ambata mana ba shi ne, saura ƙiris mutumin nan ya baƙunci lahira wata shida kafin ya sa ƙafa a Katsina, kuma sanadin abin sha'awar hawan dutse ce da taurin kai. Da ajali ya cim masa a wannan rana, da babu littattafan nan guda biyar da masana tarihin Kano da Katsina da Sakkwato da Barno suke ɗiba daga cikinsu har yau. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bi rayuwarsa daga haihuwa zuwa mutuwa, amma zan fi tsayawa a kan duwatsun da ya hau da waɗanda ya tsaya ya kalla daga gindi, domin a ganina nan ne halinsa ya fi fitowa fili.

Tasowarsa

An haifi Heinrich Barth a birnin Hambug na ƙasar Jamus ran 16 ga watan Fabrairu, 1821. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne wanda ya tashi ba shi da kome, ya tara dukiya da guminsa, ya kuma ƙudura cewa ɗansa zai yi karatun da shi bai samu ba. Yaron ya tashi marar son shiga cikin tsara, ga zafin kai, ga naci wajen koyon harsuna. A 1839 ya shiga Jami'ar Balin, inda ya yi karatu a wurin Karl Ritter, babban malamin labarin ƙasa, da August Böckh, masanin tarihin Girkawan dā. Ya sami digirin dakta a 1844 da rubutu a kan cinikin tsohon birnin Korinti.

Daga 1845 zuwa 1847 ya zagaya gaɓar Bahar Rum shi kaɗai, tun daga Maroko, ya bi ta Tunis da Tarabulus har Masar, ya wuce Sham da Turkiyya da Girka. A kusa da iyakar Masar 'yan fashi suka tare shi, suka harbe shi a ƙafa, suka kwashe kayansa har da yawancin abin da ya rubuta. Wani da ya koma gida ya zauna. Shi kuwa ya dawo da Larabci a bakinsa da kuma ƙaƙƙarfar yarda da kansa, wadda ta yi masa amfani ƙwarai daga baya, ita ce kuma ta kusa hallaka shi.

A 1849 gwamnatin Ingila ta shirya aika James Richardson, wani mai fafutukar hana cinikin bayi, ya ƙetare Sahara ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakunan ƙasar Sudan. Aka nemi masana da za su raka shi, sai aka sami Jamusawa biyu, Barth da Adolf Overweg, masanin duwatsu da taurari. Suka bar Tarabulus a watan Maris, 1850, da raƙuma ɗauke da kaya, har da wani jirgin ruwa da aka rarraba gida-gida domin a haɗa shi a Tafkin Chadi. Barth ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, da wannan suna kuwa aka san shi daga Murzuk har Tambutu.

Dutsen Idinen

A tsakiyar watan Yuli, 1850, ayarinsu ya doshi garin Gat, a kudu maso yammacin Libiya ta yau. Arewa da garin akwai wani dutse da ake kira Idinen, wanda ya tashi shi kaɗai a tsakiyar kwari, samansa a tsattsage kamar rusasshiyar ganuwa mai hasumiyoyi. Larabawa suna ce da shi fadar aljanu. Buzayen Azgar kuwa, masu ƙasar, sun yi imani cewa mazaunin aljanu ne, kuma ba su kusantarsa. Kwanaki kaɗan kafin wannan, Barth ya ci karo da zane-zanen shanu da wasu halittu a jikin duwatsun kwarin Telizzaghen, waɗanda mutanen dā suka sassaƙa tun Sahara tana da ruwa da ciyawa. Saboda haka sai ya ɗauka cewa dutsen da ake tsoro haka lalle tsohon wurin bauta ne, kuma zai sami rubutu ko zane a samansa.

Hatita, dattijon Buzun da yake ja musu gora, ya hana shi, ya kuma ƙi ba shi ɗan rakiya. Babu wanda ya yarda ya bi shi ko da za a biya shi. Da safiyar 15 ga Yuli sai Barth ya rataya 'yar salkar ruwa, ya zuba busasshen biskit da dabino a aljihu, ya kama hanya a ƙasa shi kaɗai, bisa shirin cewa ayari zai ci gaba zuwa rijiya ta gaba, shi kuma in ya sauko ya tarar da su can.

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. A hamada, inda iska take garau ba hazo ba ƙura, dutse yakan yi kamar za a kai masa hannu alhali yana da tafiyar sa'o'i. Barth ya yi ta taka baƙar tsakuwa mai ƙuna har rana ta ɗaga, sa'an nan da ya hau tudun da yake zaton gindin dutsen ne, sai ya tarar da wani kwazazzabo mai zurfi tsakaninsa da ainihin dutsen. Tilas ya gangara ya sake hawa. Kafin ya kai ƙololuwa ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ya tarar a can ɗan siririn doron dutse ne mai kaifi, gefe da gefe rami, babu rubutu, babu zane, babu ko inuwar da zai fake. Ya gwada cin guzurinsa, maƙogwaro ya ƙi karɓa, domin biskit da dabino abinci ne masu neman ruwa, ruwan kuwa saura kaɗan.

Masu hawan manyan duwatsu a yau sun san cewa saukowa ta fi hawa hatsari, domin mutum ya riga ya zubar da ƙarfinsa, hankalinsa kuma ya kwanta yana ganin ya gama. Haka ta faru ga Barth. Ya gangaro ta wani kwari, ya shanye sauran ruwansa da tsakar rana, ya fito fili ya duba gabas da yamma bai ga ayari ba. Ya harba bindigarsa, ba amsa. Ya hangi wasu bukkoki ya ja jiki ya isa, ya tarar kufai ne. Daga bisani ya zube a gindin wata tsohuwar bishiya marar ganyen kirki. Da dare ya yi ya hango wuta can nesa, wadda 'yan'uwansa suka hura domin ya gani, amma zazzaɓi ya rufe shi har ya kasa tara itacen da zai hura tasa. Ya sake harbi, iska ta tafi da ƙarar.

Gari ya waye, rana ta fito da zafinta na Yuli, yana ta jan kansa yana bin 'yar inuwar kututturen bishiyar. Da ƙishirwa ta kai masa iyaka sai ya yanki hannunsa ya tsotsi jininsa, daga nan ya fita hayyacinsa. Can wajen faɗuwar rana kukan raƙumi ya farkar da shi. Wani Buzu ne daga cikin waɗanda aka aika nema, bayan an yi alkawarin lada ga duk wanda ya gano shi, ya bi sawunsa a kan rairayi har ya zo kusa. Da ƙyar Barth ya iya furta sunan ruwa da Buzanci. Mutumin ya fara yayyafa masa ruwa a ka kafin ya ba shi ya sha, ya ɗora shi a raƙumi ya kai shi zango. Buzayen sun yi mamakin ganinsa da rai, domin a saninsu wanda ya ɓace a wannan wuri cikin bazara ba ya wuce rabin yini, shi kuwa ya kwana ya yini. Ya yi kwanaki ba ya iya cin abinci sosai, magana ma da ƙyar.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya. Marubutan Turai sukan kawo wannan labari domin su nuna jarumtar Barth da ƙarfin jikinsa. Ni kuwa abin da na gani a ciki dabam ne. Dakta ne daga Jami'ar Balin ya ji gargaɗin dattijo, ya ɗauke shi camfi, domin an naɗe gargaɗin cikin zancen aljanu. Amma ko mutum ya yarda da aljanun Idinen ko bai yarda ba, abin da Hatita yake faɗa gaskiya ne: dutsen nan yana cin mutane, babu ruwa a kewayensa, nisansa yana ruɗin ido. Wanda ya ceto shi kuma da irin wannan ilimi ya ceto shi, watau karatun sawu a kan yashi, wanda ba a koyar da shi a Balin. Duk wanda ya karanta littattafan Barth daga wannan wuri zuwa gaba zai lura da yadda ya zama mai yawan tambaya da saurare, yana zama da fatake da alhazai da bayi da malamai yana rubuta sunan kowane zango da kowace rijiya daga bakinsu.

Azbin, Katsina da Dala

Daga Gat suka shiga duwatsun Azbin, inda aka yi ta tare su ana tatsar kayansu, har suka sami mafaka a Tintellust wurin Annur, shugaban Kel Owi. A watan Oktoba Barth ya tafi Agadas a kan takarkari, ya wuce ta gefen duwatsun Bagzan, waɗanda a cikinsu ne tsauni mafi tsawo a Jamhuriyar Nijar yake, mai mita 2,022. Bai tsaya hawa ba. A wannan zama na Azbin ne Hausarsa ta nuna, domin ita ce harshen ciniki a can, kuma da ita yake hira da 'yan ayarin gishiri da suka biyo zuwa kudu.

A watan Janairu, 1851, a ƙasar Damargu, Turawan uku suka rabu. Richardson ya nufi Damagaram, bai kuwa kai Kukawa ba ya rasu a watan Maris. Overweg ya yi yamma zuwa Maraɗi da Gobir. Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa ya shiga dajin da ya raba ƙasar Haɓe da ta Fulani. Mu da muka tashi a Kusa, bakin iyakar Jibiya, wannan yanki na labarin namu ne, domin iyakar da ake tsayar da mota a kanta a yau ta bi kusan sawun wancan daji ne. A lokacin shekara arba'in da 'yan kai ke nan da jihadi ya kori sarautar Haɓe daga Birnin Katsina, zuriyarta ta kafa Maraɗi, yaƙi kuma bai tsaya ba. Barth ya wuce ta kufan Ɗankama, inda Sarkin Katsina Magajin Halidu ya ƙare bayan an ci birninsa, ya kuma rubuta labarin kamar yadda abokan tafiyarsa suka ba shi.

A Katsina Sarki Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki yana neman gaisuwar da ta fi wadda ya kawo, shi kuwa a lokacin hannunsa babu kome. Ya tarar da ganuwa mai kewayen fiye da mil goma sha uku, amma mutanen da suke cikinta a ƙiyasinsa ba su wuce dubu bakwai ko takwas ba, sauran fili duk gonaki da kufai. Duk da wannan tsarewa ya yabi Hausar Katsinawa da ladabinsu, ya fifita su a kan na sauran garuruwa, abin da har gobe 'yan Katsina na wannan sashe ba su gajiya da tuna wa Kanawa.

Ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu, 1851, zamanin Sarki Usman. Zazzaɓi da bashi suka haɗu suka kwantar da shi, amma da ya ɗan ji sauƙi sai ya hau Dala. Daga can ya zana birnin, da gidajen ƙasa da bukkoki da dabinai da kududdufai, zanen da har yau ake bugawa a littattafan tarihi. Ya ƙiyasta mazauna Kano dubu 30, suna kai dubu 60 a lokacin fatauci, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano take saƙawa ta rina ta fitar suna kai kuɗin wuri miliyan 300 a shekara. Dala ba a bakin kome yake ba in an gwada shi da Idinen, ɗan yaro ma yana hawansa a guje, amma abin da Barth ya sauko da shi daga kansa ya fi abin da ya samo a fadar aljanu nesa ba kusa ba.

Barno zuwa Tambutu

Ya isa Kukawa a watan Afrilu, 1851, wurin Shehu Umar. A can ya sami jerin sarakunan Barno da tarihin yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma na Imam Ahmad ibn Fartuwa. Ran 18 ga Yuni ya ƙetare Binuwai a mahaɗarta da Faro, yana kallon duwatsun Alantika, waɗanda ya yi musu ƙiyasin tsawo fiye da yadda suke. Lamiɗo Lawal ya sallame shi daga Yola bayan 'yan kwanaki, saboda ya zo da takardar Barno. Ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, ya ga harin bayi da idonsa, ya rubuta kisan da aka yi ba tare da ya rufe kome ba, ko da yake shi ma a cikin rundunar yake, ƙarƙashin kāriyarta. A watan Satumba, 1852, Overweg ya rasu a bakin Chadi. Barth ya rage shi kaɗai, maimakon kuma ya nufi gida sai ya juya yamma.

Ya sake zuwa Katsina a farkon 1853. A yau mai zuwa Zurmi daga Katsina ta Jibiya yake bi, amma a lokacin mayaƙan Gobir da Maraɗi sun hana wannan gefe sakat, saboda haka ayarinsu ya yi kudu ta Kuraye da Kurfi da Zakka kafin ya karkato. (Mai karatu da ya san halin da 'yan bindiga suka jefa wannan yanki a 'yan shekarun nan ba zai ji labarin baƙo ba.) Suka ratsa dajin Gundumi da tafiyar sa'a 26 ba zango, suka tarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu. A Wurno da Sakkwato ya karanta Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, a Gwandu kuma aka ba shi aron Tarihus Sudan, ya kwafi abin da ya iya. Ya jingina littafin ga Ahmad Baba, alhali Abdurrahman Sa'adi ne ya wallafa shi, amma ta hanyarsa ne Turai ta fara sanin tarihin daular Songhai da tsari.

Ya ƙetare Kwara a Say, ya bi ta gindin duwatsun Hombori, masu tsayuwa tsaye kamar an sare su da gatari. Ya zana su daga kan doki ya wuce, domin a lokacin ya ɓad da kama, yana tafe a matsayin sharifi mai kai wa shehu littattafai. Ya shiga Tambutu ran 7 ga Satumba, 1853. Da asirinsa ya tonu, Shehu Ahmad al-Bakkay na Kunta ne ya tsaya masa, ya ƙi miƙa shi ga mahukuntan Masina, har ya fitar da shi lafiya a watan Mayu, 1854. Kafin ya komo Kano an riga an ba da labarin mutuwarsa a Turai. Ya isa Tarabulus a watan Agusta, 1855, bayan tafiyar da ta haura mil dubu goma.

Ba za a ce tafiyar nan ta neman ilimi ce zalla ba. Ɗan aiken gwamnatin Ingila ne, da sunanta ya nemi takardun ciniki a Kukawa da wurin Sarkin Musulmi, kuma Turawan da suka ci Kano da Sakkwato a 1903 sun amfana da hanyoyi da garuruwan da ya lissafa. Sai dai a zamanin da manyan masanan Turai suke cewa baƙar fata ba shi da tarihi, shi ya koma musu da sunayen sarakuna da shekaru da littattafan da malamanmu suka rubuta, har da jerin Hausa Bakwai da Banza Bakwai.

Duwatsun Ƙanƙara da Ƙarshen Rayuwa

Littafin tafiyarsa ya fito cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, da Ingilishi da Jamusanci. Bai yi kasuwa irin na Livingstone ba, domin ya cika da jerin zanguna da kalmomi da tarihi, babu farautar zaki. Barth ya ɓata da jami'an Landan, ya koma Balin, inda sai a 1863 ya sami kujerar farfesa, ya kuma shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta birnin.

Sha'awar dutse ba ta sake shi ba. A 1862 ya hau wani sashe na Olimfus a ƙasar Girka, dutsen da ya haura mita 2,900, wanda Girkawan dā suka ɗauka mazaunin allolinsu ne, watau wata fadar aljanun ke nan. Bai kai ƙololuwarsa mafi tsawo ba. Sai a 1913 aka fara taka ta. Ya kuma yi yawo a duwatsun Alps, inda ya ga abin da babu shi a ƙasarmu: ƙanƙarar da take taruwa shekara bisa shekara a saman dutse ba ta narkewa, har nauyinta ya danne ta ta zama dunƙule guda, ta riƙa malalowa cikin kwari a hankali kamar kogi, tana tsagewa da ramuka masu zurfi, tana niƙe duwatsun da ta bi ta kansu.

Irin wannan ƙanƙara ce ta haddasa gardama a Turai a lokacin. A 1848 wani ɗan mishan, Johannes Rebmann, ya ba da labarin ya ga farar ƙanƙara a kan Kilimanjaro, dab da tsakiyar duniya inda rana ta fi zafi. W. D. Cooley na Landan, wanda bai taɓa zuwa wurin ba, ya ƙaryata shi shekara da shekaru. Barth ne ya ba wani matashin Bajamushe, Karl Klaus von der Decken, shawarar ya tafi Afirka ta Gabas. Decken ya gwada hawan Kilimanjaro a 1861, ya sake a 1862 ya kai wajen mita 4,200, ya tabbatar da maganar Rebmann. Ƙololuwar dutsen, mai mita 5,895, sai a 1889 Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka kai gare ta, suna sarar matakala a jikin ƙanƙara. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na wannan ƙanƙara ya narke daga 1912 zuwa yau.

An kashe Decken a Bardera ta ƙasar Somaliya a watan Oktoba, 1865. Barth bai daɗe a bayansa ba. Ciwon ciki ya kama shi bayan ya komo daga wata tafiya a yankin Balkan, ya rasu a Balin ran 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44, bai yi aure ba. Littafinsa na kalmomin harsunan tsakiyar Afirka, wanda ya ƙunshi Hausa da Barbarci da Fulatanci da wasu shida, ya fara fitowa a 1862, kashin ƙarshe kuwa sai bayan mutuwarsa, a 1866.

Cikin waɗanda suka raka shi Turai a 1855 akwai samari biyu da Overweg ya 'yanta, Abbega Bamargi da Dorugu Bahaushe, ɗan ƙasar Damagaram. A Ingila J. F. Schön ya riƙe su yana ɗaukar Hausa daga bakinsu, abin da ya jawo rigima tsakaninsa da Barth. Labarin rayuwar Dorugu, kamar yadda ya faɗa da bakinsa, ya fito a cikin Magana Hausa na Schön a 1885, yana cikin rubutun zube na farko da aka buga da Hausar boko. Abbega ya zama sarki a Lakwaja. Dorugu ya komo gida a 1864, ya yi wa Turawa da dama tafinta, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912.